Neman Maciji a Lambuna

Sanyi na fara ji kafin zafi. Na cusa hannuna na dama cikin na'a-na'a zan tsinko ta shayin safe, sai yatsuna suka sauka a kan wani abu mai sanyi da santsi wanda na san ba ni na shuka shi ba. Kafin in janye na ji kamar an soka mini allura a gefen hannu, can ƙasan ɗan ƙaramin yatsa. Ganyen ya motsa shi kaɗai, alhali babu iska. Na hangi wutsiya siririya, launinta kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta sulale ta shige gindin ciyawar shayi. Iyakar abin da na gani ke nan. A kan 'yar wutsiyar nan kuwa aka yi ta titsiye ni da tambaya har hantsi ya yi.

Ban yi ihu ba. Tsayawa na yi ina kallon ɗigon jini biyu da suka fito a jere, ina gaya wa kaina ƙaya ce. Babu ƙaya a lambuna, na fi kowa sani, ni na tsince wurin da hannuna. Da bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Umma, zo ki gani," a hankali, kamar zan nuna mata sabon fure.

Umma, mahaifiyata, ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Ta kalli hannun, ta kalli fuskata, ludayin ya faɗi.

"Me ya taɓa ki?"

"Maciji ne, Umma."

"Rufe bakinki, ba a kiran sunansa. Abin ƙasa ake cewa." Ta zare ɗankwalinta, ta shiga ƙwala wa yayana kira.

Bari in faɗi yadda lambun yake, kar wanda bai gan shi ba ya ɗauka wani babban abu ne. Gidanmu a unguwar Yerimaram ta Potiskum yake, gida ɗaya sashe biyu, namu da na Baffa, yayan mahaifina. Tsakanin bayan ɗakin Umma da katanga akwai wani ɗan lungu da ake jibge tsofaffin kwanoni da fasassun randuna. Da na gama sakandare na zauna a gida ina jiran abin da Allah zai yi, zaman ya ishe ni, sai na kwashe tarkacen na kafce wurin. Faɗinsa bai wuce na ƙaramin ɗaki ba. Iya, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ita ta ba ni saiwar na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Ciyawar shayi a gidan wata ƙawata na roƙo. Na dasa lalle a kusurwa, alobera a tsofaffin gwangwanaye, ga lansir, ga 'yar yakuwa. A bakin-baki kuma na jera filawar nan da muke kira ƙarfe goma, wadda ba ta buɗewa sai da hantsi, ja da fara da mai ruwan hoda.

Wanda ya san bazarar Potiskum ya san abin da na sha. Ruwa na 'yan garuwa ne, Umma ba za ta yarda a juye shi a ƙasa don ganye ba. Sai na koma bin ruwan da kowa ya gama da shi. Na ajiye baho a inda ake alwala, na hana a zubar da ruwan wankin shinkafa, har na ɗaurayar kofuna ina tarewa. Yayana ya sa mini suna kwamishinar ruwa. Don kar rana ta shanye ɗan abin da na zuba, na lulluɓe gindin shukokin da busasshiyar ciyawa, na kifa ɓallin fasassun randunan nan a kai. Dabarata ce, kuma ina alfahari da ita. Ko da tsakar rana ka ɗaga ɓallin randa ɗaya za ka tarar da ƙasan a sanyaye, da danshinsa.

Da ruwan farko ya sauka, lambun ya saka mini wahalata. Na'a-na'a ta haɗe ta rufe ƙasa, ɗaɗɗoya ta kai gwiwata, lallen ya fitar da ƙananan furanninsa masu ƙamshin nan da ke bin mutum har ɗaki. Bayan sallar asuba nakan ɗauki kujera 'yar tsugunne in zauna a ciki. Ba abin da nake yi. In murza ganye a yatsa in shinshina, in saurari kukan manyan motoci daga nesa a hanyar Kano. A duk gidan nan, wurin ne kaɗai ba wanda zai ce mini matsa, ko tashi ki miƙo. Ban taɓa kawowa a raina cewa sanyin da na tanada wa shukata wani ma zai ji daɗinsa ba.

A makon mahaifina ya tafi Kano saro kaya, don haka maganar gida ta koma hannun Baffa. Ya shigo da sauri, carbinsa a hannu, yayana na biye da shi. Yayan nawa keke Napep yake ja, kuma a lokacin ya riga ya fito da shi yana gogewa zai tafi kasuwa. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Keken yana ƙofar gida, da mai a cikinsa, mai jan sa kuma yana tsaye a kaina.

Baffa "uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ya karɓi ɗankwalin Umma ya ɗaure mini dantse, ya ja har sai da na ga wuta, ya sa aka kawo tsumma ya ƙara wani ɗaurin a wuyan hannu.

"Uwata, wane iri ne?"

"Wutsiya kawai na gani, Baffa."

"Baƙi ne ko ja? Yana da zane a baya?"

"Ban gani ba."

"Gajere ne mai kauri, ko dogo?"

"Wutsiyar dai siririya ce."

"Kowace wutsiya ai siririya ce," in ji yayana.

Baffa ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna tabon da ke ƙwaurinsa. Duk mun san labarin tabon. Yana saurayi, a gonarsu ta wajen Ngojin, abin ƙasa ya sare shi. Aka kashe abin aka kai wa mai magani, ya duba kansa, ya haɗa maganin da ya dace da shi, Baffa ya tashi. Wani abokin nomansa kuwa da aka sara ba a kama abin ba, aka yi ta ba shi magani a kan ƙila wa ƙala, bai rayu ba. Tun daga ranar Baffa ya riƙe abu ɗaya, cewa ba a tafiya da wanda aka sara ko'ina sai an riƙe abin da ya sare shi. Ko asibitin ma, in ji shi, abin da za su fara tambaya ke nan.

Ya dubi yayana. "Ɗauko adda. Yana nan ciki, bai yi nisa ba."

Na ce, "Baffa, a kai ni asibiti tukuna, sai a neme shi daga baya. A makaranta an ce mana ba a jira."

"Za a kai ki, uwata. Tare da shi za a kai ki. Ke dai zauna kar ki motsa, motsi ne ke yawo da dafi."

Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin bango, fuskata na kallon lambun. Aka ce kar in sha ruwa, kar in kwanta, kar in rufe ido. Haka aka ba ni wurin zama mafi kyau in kalli abin da za a yi.

Da ciyawar shayi yayana ya fara, tunda nan na ce wutsiyar ta shige. Sara ɗaya, biyu, dogayen ganyen da na raina tun suna tsinke suka zube. Ya sa bakin adda ya tuge gindin. Babu komai. Ya koma kan ɗaɗɗoya. Kafin ya gama da ita maza maƙwabta sun cika tsakar gida, wannan da sanda, wancan da fartanya, wani da shebur, ba wanda ya tsaya neman izinin shigowa. Ban taɓa jin lambun ya yi ƙamshi kamar ranar ba. Na'a-na'a da ɗaɗɗoya da ciyawar shayi duk sun dagule a ƙarƙashin ƙafafu, ƙamshin ya cika gidan har yana sa ni jiri.

Ɓallin randunan nan ɗaya bayan ɗaya ake ɗaga su da bakin sanda, kowa ya ja baya, a leƙa, sannan a fasa. A ƙarƙashin wani sai ga ƙaton kwaɗo ya yi tsalle. Wani magidanci da ya fi kowa cika baki ya saki sandarsa ya haye turmi. Aka yi dariya. Ina zaune hannuna na hawa, ana dariya.

"Ga abincinsa nan," in ji wani. "Ashe ma har da girki aka yi masa."

"Ɗaki da ruwan sanyi kyauta, wa zai ƙi?"

Mata kuma suka kewaye ni, kowacce da tata. Wata ta ce ita dama tun da ta ga ganyen nan ta san za a rina. Wata ta ce yarinya ta gama makaranta maimakon a sa ta ɗinki an bar ta tana kiwon ciyawa. Wata ta ce filawa ai ta gidan gwamnati ce, inda ake da mai gadi. Duk a kaina ake yi, kamar ba na wurin. Umma na riƙe da kafaɗata.

Iya ce ta ratso su tana dogara sandarta. "Ku matsa, kun tare mata iska. Shekara nawa ina da na'a-na'a a gidana, ko tsadaraki ban taɓa gani ba. Abin da Allah ya rubuto ne." Ta durƙusa da ƙyar ta kama haɓata. "Mai filawa, buɗe baki. Tofa yawu a nan mu gani."

Na tofa a ƙasa. Ta sunkuya ta duba.

"Me ake dubawa, Iya?"

"Jini. In kububuwa ce, jinin mutum ruwa yake komawa, ya ƙi tsayawa. Ta dasashi yake fara fitowa. Shi ya sa ake ce mata gobe da nisa." Ta shafa kaina. "Naki fari ne tas. Yanzu dai."

Da ta bar maganar a fari ne tas da na gode mata. Wannan "yanzu dai" ɗin shi ya shige ni. Daga lokacin na dinga zagaya harshe a kan dasashina ina neman ɗanɗanon jini. Har yau ban daina ba. Ina cikin wanke-wanke ko ina sallah sai in tsinci harshena yana zagaye, kamar yadda igiyar guga a ƙasa take sa in daskare sai na tabbatar igiya ce.

Hannun kuwa ya kumbura, ya yi duhu kamar kunun kanwa da ya kwana, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Na ce dafin ne ya fara aiki. Na sake cewa, "Baffa, don Allah." Ya ce, "Saura kaɗan, uwata, an ga rami." Ramin a gindin katanga yake, bayan lallen. Aka ce a zuba fetur, warinsa zai fito da shi. Ina gani yayana ya fita da tiyo da gora, ya dawo yana tofar da yawu. Daga tankin keken ya zuƙo. Man da zai kai ni asibiti aka ɗura wa ramin, ya gangara ya jiƙe saiwar lallena. Gyare ne suka fito.

Abin da ya nuna mini daɗewar da aka yi, ƙarfe goma ce. Lokacin da abin ya same ni a rufe take ruf, da raɓa a jikinta. Ina zaune ina kallo ta fara buɗewa, ja nan, fara can, ba ruwanta da abin da ake yi, har layin gaba ɗaya ya cika kamar kullum. Na ce a raina, ashe har hantsi ya yi. Sai wani ya ja baya da shebur, takalminsa ya sauka a kai. Ko lura bai yi ba. A nan ne na fara kuka, matan suka ce zafin ne ya kai mini zuciya.

Ashe tun farko Baffa ya aika a kira mai magani. Wani dattijo ne siriri da jakar fata a rataye. Ya tsuguna ya juya hannuna, ya yi tambayar da kowa ya yi.

"Ina abin?"

"Ana kan nema," in ji Baffa.

Ya girgiza kai. Ya ce tunda ba a kama shi ba, sai dai a yi tsaga a wurin a fitar da baƙin jini, a manna dutse ya tsotse saura. Ya fito da wani ɗan baƙin dutse, ya kwance sabuwar reza daga takardarta.

Maganar Iya ce ta dawo mini. In kububuwa ce, jini ba ya tsayawa. Kuma a tsaga ni da reza? Na fizge hannuna na cusa shi a ƙirjina.

"Ba wanda zai yanka ni."

"Uwata, ba a yi wa magani gardama."

"Baffa, in jinin ya ƙi tsayawa fa? Wa zai tsayar da shi a nan?"

Mai maganin ya ce a riƙe masa ni, yara duk haka suke yi. Na ji hannun wata mata a kan dantsena. Na waiga neman Umma, ba ta nan.

Umma ba ta taɓa musu da Baffa ba. A durƙushe take gaishe shi, ko sunansa ba ta faɗa, Baffansu take cewa. Sai ga ta ta fito daga ɗaki da hijabinta a jiki, nawa a hannu. Ta zo gabansa ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Baffansu, a yi mini haƙuri. Zan kai ta asibiti."

"Ba a sami abin ba tukuna."

"A ci gaba da nema. In an samu a biyo mu da shi."

Ta miƙe ta zura mini hijabin, ta ɓamɓare hannun matar daga jikina. Ta juya wajen yayana, wanda ke tsaye cikin tarkacen ganye, gumi ya jiƙa masa riga.

"Kai, ajiye addar nan ka tayar da keke."

Ya dubi Baffa.

"Wa kake kallo? Da kai nake."

Baffa ya daɗe yana kallon hannuna. Ban san abin da ya gani ba, ko ni, ko abokin nan nasa na gona. Ya miƙa hannu ya karɓi addar daga yayana. "Ku je," ya ce. "Allah ya sa a dace. Ni zan nemo shi."

Ɗaukata yayana ya yi cak ya sa a keken. Hanya duk kududdufi, yana kaucewa wani yana faɗawa wani. A babban titi muka tarar da motar shanu ta gitta tana juyawa, sai da ya bi ta lungu. Ni kuwa kunnena na kan injin, duk ya yi tari sai in ce man ne ya ƙare, sauran yana can cikin ramin gyare. Umma ta tallabe hannun a cinyarta tana ta karanto addu'a.

"Kwamishina," in ji yayana, bai waigo ba. "Kar ki yi barci. Yi mini masifa."

"Ka kashe mini ɗaɗɗoya."

"Zan sayo miki wata."

"Ba a sayar da ita. Roƙa ake yi."

"To zan roƙo. Gida-gida zan bi da kwano."

Muryarsa na rawa. Ban taɓa jin ta haka ba, kuma hakan ya fi kumburin ba ni tsoro.

A asibiti wata nas mai ƙiba, wadda ta kusa sa'ar Umma, ita ta karɓe mu. Tana ganin hannun ta ɗaure fuska.

"Wa ya yi wannan ɗaurin? So kuke ku kashe hannun kafin dafin ya kashe?"

Yayana ya sosa ƙeya. "Anti, a yi haƙuri, ba mu sami macijin ba. Ana dai nema."

"In yi me da shi? Miya? Tun yaushe abin ya faru?"

Umma ta faɗa mata. Nas ɗin ta dubi agogon bango, ta dube mu, ta ce, "Kuna ina tun ɗazu?" Ni ina da amsar. Na rufe ido ina ganin lambun.

Sai da aka sa mini ruwa a ɗaya hannun, likita ya zo ya tsaya, sannan aka sassauta ɗaurin kaɗan-kaɗan. Dawowar jini cikin hannun nan ta fi saran zafi nesa ba kusa ba, kamar an zuba mini tururuwa masu wuta a cikin fata. Likitan ya ɗauki biro ya zana layi a inda kumburin ya tsaya, ya ce za a ga ko zai haura. Nas ta ɗebi jinina ta zuba a wata 'yar kwalba, ta ajiye a kan taga.

"Kar wanda ya taɓa, kar wanda ya girgiza. In ya daskare, da sauƙi. In ya zauna ruwa, da dafi a jiki, sai mu sa allurarsa. Jinin ne zai gaya mana, ba macijin ba."

Ban taɓa kallon wani abu kamar yadda na kalli kwalbar nan ba. Ƙuda ya sauka kusa da ita na ji kamar in tashi in kore shi. Da lokacin ya cika nas ta zo ta karkata ta a hankali. Jinin bai zubo ba, ya tsaya guda kamar kafaffen kunu. Umma ta ce alhamdu lillahi, ni ma na fara murmushi.

"Tukuna," in ji nas. "Wani dafin sai an jima yake nuna kansa. Za mu maimaita. Nan za ki kwana."

Wani "yanzu dai" ɗin ke nan. Haka aka wuni, a ɗebi jini, a ajiye a taga, a jira, a karkata. Tsakanin wannan da wancan ina duba layin biro, ina zagaya harshe. Mahaifina ya kira daga Kano ya ce gobe da sassafe zai kamo hanya. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa ya yi mini sannu sai ya ƙara da cewa ai yanzu na ga illar ganye a gida. Wata har ta ce Allah ya so ni da rahama da ba ƙaramin yaro abin ya samu ba. Na juya fuskata bango.

Da gari ya waye Umma, wadda ta je gida bayan asuba, ta dawo da filas da wata baƙar leda. Yayana da Baffa na biye da ita. Idon Baffa ya yi ja, hannunsa duk ƙuje. Ta tsiyaya mini shayi, tun kafin kofin ya iso ƙamshin ya gaya mini komai. Ni ganye kaɗan nake sawa, don ina tausayin shukar. Wannan kuwa an danƙara masa na'a-na'a har ya yi ɗaci, irin shayin wanda ya san babu sauran abin tattali.

"Baffa, an same shi?"

"Ba a same shi ba, uwata. Har gindin katanga muka tone."

"Lallen fa?"

Yayana ne ya amsa, idonsa a ƙasa. "Fetur ya riga ya shige shi. An cire."

"Tunda ba a same shi ba, yana nan ke nan," in ji Baffa. "In babanki ya iso za mu yi magana a zuba siminti a wurin. Hankalin kowa ya kwanta."

Ina da abin faɗa da yawa. Na kalli ƙujen hannunsa, na haɗiye. Mutumin nan saboda ni ya wuni yana tonon ƙasa da furfurarsa. Ban san inda zan ajiye haushin ba, sai ya tsaya mini a ƙirji tare da ɗacin shayin.

Ana haka likita ya shigo, nas na biye da shi da kwalbar ƙarshe. Ya karkata ta a gabanmu. Jinin ya tsaya. Ya kama hannuna ya duba layin biro, kumburin ya sauka ƙasa da shi sosai. Ya sa na buɗe baki, ya duba idona, ya ce in motsa yatsu.

"Babu dafi a jikinki," ya ce. "Ko dai mara dafi ne, ko ya sara bai zuba ba. Kumburin ma yawancinsa na ɗaurin ne. Kin tsira, 'yan mata. Za ki iya tafiya gida."

Umma ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na girgiza. Baffa ya ɗaga hannu sama yana godiya. Yayana ya ce, "Kwamishina ta dawo ofis," ya fita da sauri wai zai duba keke.

Umma ta share ido ta turo mini baƙar ledar nan a kan gado, ta yi ƙasa da murya yadda Baffa ba zai ji ba.

"Iya ce ta tsinto a cikin abin da aka zubar. Ta ce wasu da saiwarsu, in an sa a ruwa yau za su kama."

Ƙamshin na fitowa ta bakin ledar. Na miƙa hannu zan zura ciki, hannun ya tsaya a sama ya ƙi sauka. Cikin ledar duhu ne, ganye ya haɗe da ganye. Na daɗe a haka, likita na rubutu, Umma na kallona. Daga ƙarshe na kama gindin ledar da yatsu biyu, na zazzage ta a kan zanen gado, na ja ƙafafuna baya, na jira in ga ko wani abu zai motsa.